Gwajin farfaɗiya a Landan: saƙo zuwa Daura

Yaya Hajiya, ina gaisuwa da fatan alheri, a gaida mutanen gida. Kin ce likita ya rubuta wa yaronki gwajin ƙwaƙwalwa na EEG. An yi wa 'yata irinsa a nan.

A asibitin gwamnati ba mu biya ko sisin kwabo ba, sai dai jira, don makonni muka yi kafin layi ya zo kanmu. Ke kuwa ga kuɗin gwaji, ga na mota zuwa Katsina ko Kano. Amma na'urar iri ɗaya ce. Abin da ya burge ni shi ne bayani. Tun a takarda suka ce a tsefe kitso, a wanke kai, kada a shafa mai, saboda wayoyi kusan 20 za a manna a fatar kai. Ba sa jan mutum, saurare kawai suke yi.

Ciwon nan ɓuya gare shi, minti 20 ko 30 na gwaji na iya wucewa bai nuna komai ba. Shi ya sa suke tsokano shi da gangan. Sun ba ta 'yar farfelar takarda ta yi ta hurawa da ƙarfi har minti 3. Ina kallo ta saki farfelar, idonta ya ƙafe, aka kira sunanta ba ta amsa ba, can ta dawo kamar ba a yi komai ba. Wannan ɗaukewar ce malamanta suka daɗe suna kira rashin mai da hankali. Jikina ya yi sanyi, amma a ranar aka gane ciwon.

Daga nan aka ajiye mata fitila mai walƙiya a gaban fuska, ana ƙara saurinta. Wasu kuma akan ce su rage barci a daren jajibiri, don gyangyaɗi na fito da abin da ya ɓuya.

Yaya, don Allah ki riƙe wannan: kafin hurawar sai da suka tambaye ni ko tana da sikila, asma ko ciwon zuciya. Mai sikila ba a sa shi wannan numfashin, kuma kin san akwai ta a danginmu. Ki faɗa musu tun kafin su tambaya. In sakamako ya fito lafiya ƙalau, kada a ce iska ce a daina magani. Ki koma wurin likita, yana iya cewa a sake gwajin cikin barci.