Garejin da Ya Saurari Motata Kafin Ya Kwance Ta

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2006, kuma yawancin zirga-zirgarta tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ne, sai kuma hanyar da ke gangarawa gonarmu ta shinkafa a fadama, wadda ƙura ce da rani, laka da damina. Bayan girbin bara na fara jin wata ƙara daga gaban motar, ƙwas-ƙwas-ƙwas, wadda ba ta fitowa sai na murɗa sitiyari zan shiga kwana. Bakaniken da na fara zuwa wurinsa ya ce boris ne, ya canza, na biya, ƙara kuwa tana nan daram. Daga nan ne wani abokin aikina ya tura ni wani gareji da ke kan hanyar Jega, wanda a kansa nake wannan rubutu.

Abin da ya fara burge ni shi ne maigidan garejin bai taɓa sifana ba sai da ya yi mini tambayoyi. Ya ce, "Alhaji, a kwana take yi ko a miƙe? In ka taka totur tana ƙaruwa?" Sannan ya karɓi makulli, muka shiga wani fili da ke bayan garejin, ya murɗa sitiyari har ƙarshe yana zagayawa a hankali, dama da hagu, gaba da baya. Ƙarar ta fito ɓaro-ɓaro. Ya bayyana mini cewa boris idan ya mutu gurnani yake yi wanda ke ƙaruwa da gudun mota, amma wannan ƙwas-ƙwas ta kwana alama ce ta kan shaf na waje, wato gaɓar da ke kai ƙarfin inji ga taya alhali tayar tana lanƙwasawa.

Da aka ɗaga motar aka cire tayar hagu, ya kira ni in gani da idona. Baƙin giris ya fantsama a cikin wili da jikin shokozoba, ƙura ta manne masa. Ya buɗa ninkin robar da ke rufe gaɓar da yatsunsa biyu, sai ga yagewa mai tsawon ɗan yatsa, wadda ba a ganinta idan taya tana miƙe. Ya lakuto ragowar giris ɗin ya shafa mini a tafin hannu, na murza, na ji yashi ƙaras-ƙaras. Ta wannan ƙofar giris ya fita, ruwa da yashin fadama suka shiga, suka yi ta cin ƙarfe. Bayan an wanke gaɓar da fetur, ya nuna mini ƙwallaye shida na ciki da ramukan da suke gudu a kai, kowane rami ya zaizaye har farce yana maƙalewa. A wannan hali, in ji shi, sabuwar roba da sabon giris ɓarnar kuɗi ne kawai.

Na gaya masa cewa motar takan yi rawa a babbar hanya, ina zaton duk matsala ɗaya ce. Bai yarda ba sai da ya gwada. Kan shaf na ciki, wanda ke shiga giya, idan ya ci sai mota ta yi girgiza lokacin da aka taka totur, ta daina da zarar an ɗaga ƙafa, wani lokaci kuma a ji ƙwam idan an sa giya. Tawa kuwa rawarta a wani mataki na gudu take, ko an taka ko ba a taka ba, saboda haka ya tura ni wurin masu balansin taya. Ya kama shaf ɗin ya jijjiga, ya ce shiga da fita kaɗan halinsa ne domin haka aka ƙera shi, wasan sama da ƙasa ne abin tsoro, kuma babu shi.

A ɓangaren dama ne na tabbatar da amanarsa. Robar ta fara tsattsagewa amma ba ta huje ba, giris ɗin ciki kuma tsaf yake. Da ya ce in sayi shaf biyu da na saya, domin ban san komai ba, amma roba da giris kawai ya sa aka canza. Wajen sayen kan shaf na hagu kuma ya raka ni shago da tsohon a hannunsa, ya ƙirga haƙoransa ciki da waje ya gwada da na ɗan Beljiyam ɗin da muka zaɓa, domin bambancin haƙori ɗaya ya isa ya hana shi zama.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Babban notin shaf yana da ma'aunin ɗaurinsa, amma yaron garejin bututu ya zura wa sifana ya hau kai da ƙafa, alhali ɗaurin da ya wuce kima ko ya gaza yana iya kashe boris. Yaron ya kuma so ya ɗaure bakin robar da waya, sai da maigidan ya tsawata masa aka kawo maɗaurin ƙarfe. Wurin zama ma babu sai benci ɗaya a ƙarƙashin dogon yaro, ga shi na shiga da hantsi ban fita ba sai bayan la'asar.

Yau wata uku ke nan, na sha kwanar shiga gona ba adadi, ban sake jin ƙarar ba. Duk ranar da aka wanke motar nakan murɗa sitiyari har ƙarshe in leƙa bayan taya in duba robar, kamar yadda ya nuna mini, kuma kafin ruwan farko ya sauka zan mayar masa da ita ya duba na ciki.