Jakar Falabella ta Stella McCartney: ba fata, amma fa roba ce

Masu tambaya ta ko wannan jakar ta cancanci kuɗinta, to ga ra'ayina. Kyau dai tana da kyau wlh, sarƙar nan da aka zagaye bakinta da ita ke ɗaukar ido, ga laushi ga ɗaukar kaya, sai dai sarƙar na ƙara mata nauyi a kafaɗa. Babbar ta haura dala 1,000, ku lissafa da naira da kanku ni bana son hawan jini.

Abin da ake tallata ta da shi shine kare muhalli. Tun 2001 da Stella McCartney, mai zana kayan sawa, ta buɗe kamfanin a Ingila bata taɓa amfani da fata ko gashin dabba da ake feɗewa da fatarsa ba, kuma nan kam dole a sara mata, don kiwon shanu na fitar da iskar methane mai ɗumama duniya, ga dazukan Amazon da ake sharewa a Brazil saboda makiyaya, ga sinadarin jima, duk wanda ya san ruwan da kamfanonin fata ke saki a Challawa da Sharada a Kano ba sai an mai dogon bayani ba. Shafin cikin jakar ma daga tsofaffin gorunan roba ake yinsa.

To amma jikinta fa? Polyester ne da polyurethane, wato dai dangin fetur, in ta mutu aka jefar bata ruɓewa. Sun gwada fatar da ake yi da naman kaza (wato mushroom) da ake kira Mylo, sai kamfanin da ke yinta ya tsayar da aiki a 2023 don rashin kuɗi. Kenan an gudu daga saniya an faɗa rijiyar mai.

Duk da haka in aka jera ta da sauran manyan kamfanonin kayan sawa tafi su kunya. Burberry a 2018 aka gano sun ƙona kayan fam miliyan 28.6 da basu saida ba, kawai don kar suyi arha, saida duniya tayi musu caa suka daina. Gucci kuwa a 2019 suka ce sun biya diyyar duk hayaƙinsu, zuwa 2023 suka janye maganar shiru.

Ni dai uku cikin biyar na bata. In kina so ki nemi ta hannu a Vestiaire Collective ko The RealReal, gwanjon masu kuɗi kenan, tafi sauƙi nesa ba kusa ba, kawai ki duba gefuna da hannun da kyau kafin ki biya.