Idon likita ko kyamarar ICG: wanne ya fi gane fatar da jini ke kaiwa?

Idan likitan fiɗa ya ɗauko fatar ciki don sake gina nono bayan an cire ciwon daji (kansa), abin da yake son sani shi ne ko jini na kaiwa ko'ina. Gefen da bai samu jini ba, cikin 'yan kwanaki zai yi baƙi ya mutu.

Tsohuwar hanya ido ne da yatsa. Likita ya duba launin fatar, ya taɓa ya ji ɗuminta, ya danna ya ga saurin dawowar jini, wani lokaci ya tsaga gefe ya ga ko ja zai fito. Ba ta cin ko sisi, amma ta dogara da ƙwarewa, kuma a baƙar fata irin tamu canjin launi ba ya saurin nunawa.

Ɗaya hanyar kuwa, ana zuba wani koren rini mai suna ICG ta jijiya. Tun 1959 Amurka ta amince da shi. Yana manne wa furotin na jini, sai kyamara ta musamman ta haska wurin da hasken da ido ba ya gani. Inda jini ya kai ya yi fari tas a allo, inda bai kai ba ya zauna duhu, nan take likita ya yanke. Hanta na kwashe rabin rinin daga jini cikin minti 3 zuwa 4, don haka ana iya maimaitawa.

Sai dai na'urar akwai tsada, kuma rinin na ɗauke da aidin, dole a yi hattara da wanda jikinsa ba ya so. Hoton ma na lokacin ne kawai. Washegari a ɗakin jinya, ido da yatsa za a koma wa.