Karen jan amalanken ƙanƙara: wanne za ka saya in tseren mil 1,000 kake hari?

Duk wanda sha'awar tseren karnuka ta kama, karen da ke fara zuwa masa a rai shi ne haskin Saiberiya, mai fuska kamar an zana, ga gashi luf-luf, ga takardar asali da sunan kaka da kakanni. To amma ka je Willow a jihar Alaska ta Amurka ranar da ake sallamar 'yan Iditarod, tseren karnuka masu jan amalanke a kan ƙanƙara, a farkon watan Maris, ka dubi karnukan da ke tsalle a jikin igiya. Sirara ne masu dogayen ƙafafu, wani baƙi, wani ja, wani kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Da yawansu in ka gamu da su a hanya cewa za ka yi karnukan unguwa ne. Su ne kuwa ke kai mutum garin Nome, tafiyar kusan mil 1,000, wato kilomita 1,600 ko kusa da haka. Da aka fara tseren a 1973, kwana 20 Dick Wilmarth ya yi kafin ya isa a matsayin zakara. A 2017 Mitch Seavey ya gama cikin kwana 8 da awa 3 da minti 40. An sami ingancin abinci da kayan aiki a tsakani, amma babban abin da ya sauya shi ne karen kansa.

Waɗannan su ake kira haskin Alaska. Ba jinsi ne mai rajista ba, babu wata ƙungiya da ta rubuta yadda kunnensa ko launinsa zai kasance. Tushensa karnukan ƙauyukan 'yan asalin Alaska ne, irin su Huslia da ta fitar da shahararren ɗan tsere George Attla, aka yi ta gauraya su da haskin Saiberiya da karnukan farauta, ana riƙe wanda ya iya aiki ana barin wanda bai iya ba. Nauyinsa yakan tsaya tsakanin kilo 20 zuwa 27. In cin tsere ko ma shiga sahun gaba ne burinka, nan za ka zuba kuɗinka, babu wata doguwar muhawara. Sai dai a cikinsu ma akwai gida biyu, kuma nan sababbin shiga ke ƙonewa. Akwai zuriyar gajeren tsere, akwai ta dogon zango. Wani bincike da aka yi kan ƙwayoyin gadonsu a 2010 ya nuna na gajeren tsere sun fi ɗebo jinin karnukan farauta irin su foyinta da saluki, na dogon zango kuma sun fi ɗebo jinin malamut, babban karen dakon Alaska, da haskin Saiberiya. Na farkon zai burge ka ranar gwaji, don gudu yake kamar zai tashi sama. A kwana na biyar cikin jeji, ga sanyi ga ƙarancin barci, na biyun ne zai miƙe daga kan ciyawa ya girgije ya nemi a ɗaura masa igiya. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, tambayi tseren da uwarsa da ubansa suka gama, da nisan kowanne.

Haskin Saiberiya ba abin rainawa ba ne. Mutanen Chukchi na gabashin Saiberiya ne suka raine shi, aka shigo da shi Nome a farkon ƙarni na 20, kuma irinsa ne Togo, karen Leonhard Seppala da ya ja tafiya mafi tsawo da haɗari lokacin da aka yi ta miƙa maganin mashaƙo hannu da hannu daga Nenana zuwa Nome a 1925. Gashinsa ya fi kauri, yana jure sanyi, abincinsa bai kai na haskin Alaska yawa ba. Ayarin da duk 'yan Saiberiya ne zalla sun sha gama Iditarod, amma ba su ke cinyewa ba. In abin da kake so shi ne ka isa lafiya, ka kuma sami karnukan da za ka yi alfahari da ganinsu, zai yi maka. Ka dai tabbata daga gidan masu aiki ka saya, don shekara da shekaru ana kiwon wasu domin gasar nuna kyau kawai, ƙafafu sun gajarce, son ja ya ragu.

Malamut kuwa karen dako ne, yakan kai kilo 35 zuwa 40, zai ja kaya mai nauyi a hankali har rana ta faɗi. Ba na tsere ba ne. Shi ma ruwa-biyun da mutanen Norway da Suwidin suka haɗa tsakanin haskin Alaska da foyinta, wanda ake kira Eurohound, ba a kama ƙafarsa a gajeren tsere, amma gashinsa bai isa ya kwana a fili cikin sanyin digiri 40 ƙasa da sifili ba. Dokar Iditarod ma ta taƙaita shiga ga karnukan da suka dace da sanyin arewa, kuma an kafa ta ne bayan wani mai suna John Suter ya yi ta shigowa da karnukan fudul masu murɗaɗɗen gashi, waɗanda ba 'yan arewa ba ne, a ƙarshen shekarun 1980.

Da ka tsayar da iri, sai maganar shekaru, kuma a ganina ita ce ta fi muhimmanci. Kwikwiyo ya fi araha, ya fi shiga rai, shi ya sa hannu ke fara kaiwa gare shi. Amma caca ce. Sai ya yi wata shida zuwa takwas kafin a fara sa masa ɗamarar ja, sai ya doshi shekara biyu kafin a yi maganar dogon tsere, kuma a cikin haihuwa ɗaya ba duka ke zama 'yan tsere ba. Duk tsawon wannan lokaci ci yake yi. Wanda ya iya kiwo ne ke cin ribar wannan hanya. Lance Mackey, da ya ci Iditarod sau huɗu a jere daga 2007 zuwa 2010, ya kafa gidansa ne a kan wata karya mai suna Rosie da ya saya dala 100, ita ta haifi Zorro wanda jininsa ya cika ayarinsa. Sai dai Mackey a cikin sana'ar ya buɗe ido, mahaifinsa Dick Mackey ne ya ci tseren 1978 da tazarar daƙiƙa ɗaya tak. Idon da ya gane Rosie ba a kasuwa ake sayo shi ba.

Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu matsakaici ne. An riga an ga tafiyarsa, an san halinsa, manyan gidaje kuma sukan sayar da waɗanda saurinsu bai kai na ayarin farko ba. Karen da ya yi wa zakara jinkiri zai iya zama tauraro a wurin mai koyo.

Amma karen farko da ya kamata ka saya tsohon ja-gaba ne, ɗan shekara bakwai ko takwas da ya sha hanya. Dalili kuwa, amalanken ƙanƙara ba shi da linzami. Matuƙi na tsaye can baya, tsakaninsa da karnukan gaba akwai igiya mai tsawon mita 20 ko fiye, abin da ke hannunsa birki ne da murya kawai. In ya ce “ji” a yi dama, in ya ce “ho” a yi hagu. Ja-gaba ne ke jin wannan ya karkata ayari, shi ke riƙe igiya a miƙe in an tsaya don kada karnuka su cukurkuɗe, shi ke lalubo hanya da ƙafa da hanci in iska ta binne ta. Ba kai za ka koya wa matashin kare wannan ba alhali kai ma koyo kake. Ana ɗaure shi ne kafaɗa da kafaɗa da tsoho, in an ba da umarni tsohon ya ture shi ko ya ja shi zuwa inda ya dace, a hankali ya gane. Tsohon zai koya wa karnukanka, ya kuma rufa maka asiri ranar da ka ba da umarnin banza. Kada furfurar baki ta tsorata ka, Togo yana da shekara 12 ya yi waccan tafiya. Ja-gaba mai tashe kan kai dubban daloli in ma an yarda a sayar, amma wanda ya fara rage gudu akan same shi da sauƙi, wani lokaci ma kyauta, in mai shi ya gamsu da hannun da zai shiga.

Ranar da ka je duba kare, ka roƙi a bar ka ka tsaya har lokacin ba su abinci. Mai sayen ragon layya ba ƙaho yake tsayawa kallo ba, gadon baya yake dannawa. A nan kwano za ka kalla. Karen dogon zango na ƙona kalori 10,000 zuwa 12,000 a rana lokacin tsere, kuma dole ya ci ko ya gaji, ko a baƙon wuri, ko ana iska. Wanda ka ga ya duƙufa ya sharɓe romon nama da kitse ya lashe kwano har yana tura shi da hanci, shi ne naka. Wanda ya shinshina ya tsinci nama ya bar ruwan, ka wuce shi komai kyansa, don ta romon nan ake shayar da su ruwa, kuma karen da ba ya sha shi ake fara bari a zango.

Daga nan sai ƙafa. Ɗaga ta, ka buɗe tsakanin yatsu, ka duba fatar ciki ko tana da tsagewa ko jan tabo. Ana son yatsu a haɗe, tafi mai tauri. Ka lanƙwasa wuyan ƙafar gaba a hankali ka miƙar da kafaɗa ka ga ko zai janye, don ciwon waɗannan wurare biyu ne ke yawan fitar da kare daga tsere. Sannan a ɗaura shi ka hau baya ka kalle shi yana aiki. Igiyar bayansa ta kasance a miƙe ko da yaushe, gadon bayansa kuma kada ya riƙa tsalle. Dogon zango da sassarfa ake cinsa, kilomita 13 zuwa 16 a awa, karen da sai ya yi sukuwa kafin ya riski 'yan'uwansa zai ƙare da wuri.

Hali ba ya ganuwa a yini ɗaya, shi ya sa ake tambayar tarihi. A Iditarod ta 2019 Nicolas Petit na kan gaba da tazarar awoyi a gaɓar teku bayan ƙauyen Shaktoolik, ya daka wa wani karensa tsawa, ayarin gaba ɗaya ya ƙi motsi, a ƙarshe sai janyewa ya yi. Karnukan nan ba a tilasta musu, in zuciyarsu ta sauka shi ke nan. Ka nemi littafin allurar rigakafi da na tsutsar ciki, ka tambaya ko an yi wa iyayensa gwajin ciwon ƙwaƙwalwar nan na gado da ke kama 'yan kwikwiyon haskin Alaska. Ka kuma yi tambayar da ta fi kowacce: me ya sa za a sayar da shi? Mai gaskiya zai ce maka yana faɗa, ko yana tauna igiya, ko ba ya son hawan tudu.

Kuɗin sayen kare shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Ana tashi Iditarod da karnuka aƙalla 12, dole a isa Nome da aƙalla 5 a igiya, kuma wanda zai fitar da ayari sai ya ciyar da fiye da haka a gida, damina da rani. Akwai busasshen abinci na buhu mai yawan kitse, ga nama, ga kifi. Mutanen bakin kogin Yukon da suka saba ciyar da karnukansu da kifin salmon sun ɗanɗana kuɗarsu daga 2020 da kifin ya yi ƙaranci har aka hana kamawa. Ga 'yan takalman yadi masu maɗauri, waɗanda ba don sanyi ake sa su ba, don kada ƙanƙara ta dunƙule tsakanin yatsu ko ta goge tafi ne. Doka ta ce kowane kare ya kasance da guda 8 a tafe, ayari ɗaya kuma na cinye fiye da 1,000 a tsere guda. A ɗamarar ja za ka zaɓa tsakanin doguwa mai gicciye a gadon baya, wadda ta fi ba da ƙarfin ja, da gajeriya da ke tsayawa a tsakiyar baya ta rage wa ƙugu nauyi. Kowacce ka ɗauka, gwada ta a jikin karen ya fi sunan kamfani, don wadda ba ta zauna daidai ba tana cin hammata. Sai maganin omeprazole da ake ba su don kare gyambon ciki, wanda ya zama ruwan dare a karnukan dogon tsere. Duk da likitocin dabbobi da ke kowane zango suna duba zuciya da huhu da ruwan jiki, karnuka na mutuwa a wannan wasa. Uku sun mutu a tseren 2024, kuma masu kare haƙƙin dabbobi ba su daina suka ba. Wanda zai shiga ya shiga da saninsa.

Af, ga masu sayen haski a Abuja ko Legas don ado: karen da ake jira sai zafi ya sauka ƙasa da digiri 10 kafin a fara horar da shi da babur mai ƙafa huɗu a lokacin kaka, ka auna yadda zai ji a watan Afrilu a can.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar ka sayi ko kare ɗaya tukuna. Manyan gidajen karnuka a Alaska da Kanada da Norway na ɗaukar masu taimako a lokacin sanyi, ka kwashe kashi, ka sare daskararren nama, ka sa takalma ka cire, a ba ka wurin kwana, in an yarda da kai a ba ka matasan karnuka ka shiga tsere da su. Wasu kuma hayar ayari suke bayarwa. Ko yaya dai, Iditarod ba ta karɓar sabon shiga sai ya gama tseren share fage da jimillarsu ta kai mil 750, biyu daga ciki na mil 300, irin su Copper Basin 300 ko Kuskokwim 300. A Turai kuma akwai tseren Finnmarksløpet da ke tashi daga garin Alta na Norway tun 1981, yana da rukunin gajere da na dogo.

In ka ƙudurta sayen, jira har kakar tsere ta ƙare, wajen watan Afrilu, lokacin da gidaje ke tace karnukansu suna shirin sabuwar haihuwa. Zaɓi ya fi yawa, farashi ya fi sauƙi. Ka fara da uku ko huɗu daga gida ɗaya, waɗanda suka saba da juna kuma tafiyarsu ta zo ɗaya, tsohon ja-gaba a cikinsu. Ku kuma rubuta yarjejeniya cewa in kare bai karɓe ka ba cikin 'yan makonni za ka mayar da shi.