Mutum-da-mutum ko shiyya: wane tsaro ya dace da 'yan wasan da ke hannunka?

Kocin ƙwallon kwando na jami'a a Amurka ba shi da lokaci yadda yake so. Dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙayyade masa awa 20 a mako, kuma kada ya wuce awa 4 a rana idan kakar wasa ta kankama. Wannan lokacin shi ne kuɗin da zai shiga kasuwa da shi, don haka kafin ya tambayi wane tsaro ya fi, gara ya tambayi wanne aljihunsa zai iya ɗauka, kuma wanne ne daidai jikin yaransa.

Dokokin wasan su ne ke yanka farashi. A jami'a laifi 5 ke fitar da ɗan wasa, ba 6 ba kamar NBA. A wasan maza, da zarar ƙungiya ta tara laifi 7 a rabin lokaci, abokan karawa sun fara zuwa jifan kyauta, a na 10 kuma jifa biyu ne kai tsaye. Babu dokar da ta hana mai tsaro yada zango a ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa 3, abin da ya sa tsaron shiyya, inda kowa ke tsaron fili ba mutum ba, ke da ƙarfi a jami'a fiye da NBA. Agogon jifa, wato lokacin da masu kai hari ke da shi kafin su yi jifa, ya sauko daga daƙiƙa 35 zuwa 30 a 2015. A 2019 aka ja layin maki uku na manyan jami'o'i baya, daga ƙafa 20 da inci 9 zuwa ƙafa 22 da inci 1¾, aka kuma ce idan masu kai hari suka tsinci ƙwallon da ta daki bakin kwando, agogo ya koma daƙiƙa 20. Jan layin nan ya ƙara wa masu shiyya filin da za su rufe da gudu.

Tsaron mutum-da-mutum sauƙin faɗa gare shi: kowa da nasa. Koyar da shi ne aiki. Wanda mutuminsa ke riƙe da ƙwallo yana matsa masa, tazarar hannu ɗaya. Wanda mutuminsa ke kusa, miƙa ɗaya tsakaninsu, ya sa hannu a hanyar ƙwallon. Wanda ke can ɗaya gefen kuma ya saki nasa, ya sa ƙafa ɗaya cikin akwatin ƙarƙashin kwando, idonsa na ganin ƙwallo da mutuminsa lokaci guda. Atisayen da ke gina wannan shi ne huɗu-da-huɗu a rabin fili, minti 10 zuwa 15 kullum, ba fashi, har yara su saba da motsi tun ƙwallo na sama, ba sai ta sauka a hannu ba.

Inda kuɗin ke tafiya da gaske shi ne shingen da dogon ɗan wasan masu hari ke yi da jikinsa don tare mai tsaron abokinsa mai ƙwallo. Dole ka zaɓi amsa ka tsaya a kai. Ko su yi musayar mutane, wanda ke buƙatar yara biyar masu kusan tsawo ɗaya, in ba haka ba za a bar gajerenka da ƙato a gindin kwando. Ko dogonka ya ja baya ya tsare kwando, ka haƙura da jifan tsaka-tsaki. Ko ya fito ya tare mai ƙwallo na ɗan lokaci ya koma, ko su taru masa su biyu kamar yadda ƙungiyar jami'ar Houston ta koci Kelvin Sampson ke yi. Kowace amsa tana da jujjuyawar da sauran ukun za su yi a baya, kuma mutum ɗaya ya makara da rabin daƙiƙa, an sami jifa a kusurwa ba mai tsaro.

Ribarsa a fili take. Kowane kwando da aka ci, an san wanda za a tambaya idan an zauna kallon bidiyo. Tsintar ƙwallo ta fi sauƙi domin kowa ya san wanda zai tare da baya. Koci Bob Knight da shi ya kai jami'ar Indiana ga kofin ƙasa na 1976 da nasara 32 ba faɗuwa ko ɗaya. Aibinsa kuwa laifi da gajiya: dogonka ya yi laifi na biyu a minti na 8, sai benci har hutun rabin lokaci. Idan kuma kana da mai nauyin ƙafa, za a yi ta kiransa cikin shinge har sai ka cire shi.

Akwai mutum-da-mutum mai rangwame, wanda Dick Bennett ya tsara, ɗansa Tony ya ci kofin 2019 da shi a Virginia. Mutum ɗaya ne ke matsa wa mai ƙwallo, sauran huɗun suna cikin wani layi da ake ɗauka a ka, kimanin ƙafa 16 daga kwando. Ba a hana miƙa a waje, kutsawa ciki ake hanawa. Ya dace da yaran da ke da hankali da ladabin bin tsari amma ba su da gudu. Sai dai ba ya ƙwace ƙwallo sosai, kuma idan aka sha gabanka da tazara, dawowa na da wuya. Virginia ɗin ce ƙaramar ƙungiyar jami'ar UMBC ta lallasa 74 da 54 a 2018.

Shiyya kuma, kowa fili yake tsaro. Wadda aka fi sani ita ce 2-3: biyu a gaba, biyu a gefe, dogo a tsakiya. Jim Boeheim ya shafe kaka 47 a Syracuse, ya ci kofin 2003 da ita, suka doke Kansas 81 da 78. Wanda ya kalli ƙarshen wasan zai ga abin da shiyya ke nema: Hakim Warrick na Syracuse ya taso daga cikin akwati ya kai kusurwa ya doke jifan maki uku da zai kawo kunnen doki. Dogon hannu ke nan. A tsarin Syracuse, na gefe yakan hau sama har daidai layin jifan kyauta ya riƙe mai ƙwallo, sai na gaba ya iso ya karɓe shi, shi kuma ya sauka. Gajerun yara ba za su iya wannan zirga-zirga ba.

Masu cewa shiyya hutu ce ba su taɓa koyar da ita ba. Tana dai ɓoye mai laifi 4, tana ajiye dogonka kusa da kwando, tana kuma rikita abokin karawa a gasar kofin ƙasa ta watan Maris, inda kwana ɗaya tak ke tsakanin wasa da wasa a ƙarshen mako. Ko Mike Krzyzewski, wanda aka san shi da mutum-da-mutum shekara da shekaru, ya koma 2-3 a Duke a 2018 da ya ga dogayen sabbin yaransa na shan wahala a shinge.

Ramukanta sanannu ne. Na farko tsakiyar layin jifan kyauta: ƙwallo ta shiga nan hannun wanda ya iya miƙawa, dogonka ya fito, bayansa ya buɗe, ya ƙi fitowa, a jefa daga ƙafa 15. Na biyu gefen layin ƙarshe, tsakanin akwati da kusurwa. Na uku tara mutum uku a gefe ɗaya, sannan a cilla ƙwallo can ɗaya gefen. Mafi tsada shi ne tsintar ƙwallo, tunda ba wanda ke da takamaiman mutumin da zai tare, kuma yawancin jifan gefe da ya kuskure ɗaya gefen yake faɗawa. Dole a koya wa na gefen nesa da na gaban da ke kusa da shi su nemi jiki kafin su nemi ƙwallo. Sannan idan ana gabanka da maki 6 saura minti 3, shiyya ba ta tilasta kowa yin komai. Za su ci daƙiƙa 25 suna miƙe-miƙe.

Ita shiyyar 1-3-1, ɗaya a gaba, uku a tsakiya, ɗaya a baya, da John Beilein ya yi suna da ita a West Virginia da Michigan, ta ƙwace ce. Mafi tsawon hannu a gaba, mafi gudu a layin ƙarshe yana kai-komo daga kusurwa zuwa kusurwa. Tana da amfani na zagayen hari 4 ko 5 bayan an dawo daga ɗan hutu, ba ta wasa guda ba.

A ganinmu, mai yara 8 ko 9 da za su iya tsayawa gaban mutum ya kafa gidansa kan mutum-da-mutum, ya ware wa shiyya ɗaya minti 10 a kowane atisaye, don ranar laifi da ranar da aka haɗu da marasa jifan nesa. Wanda ya koyi taimakon gefe a mutum-da-mutum yana ɗaukar shiyya cikin sauri, amma akasin haka ba ya yiwuwa da sauƙi. Mai yara 6 ko 7 kawai, da dogaye uku da ba sa iya bin gajere a waje, ya ɗauki 2-3 da gaske, ya ba ta mafi yawan lokacinsa, ya kuma riƙa ɗauko 'yan wasa saboda ita. Kafin yanke shawara, a gwada a atisaye: zagaye 20 na kowanne da 'yan benci, a ƙirga sau nawa ƙwallo ta taɓa cikin akwati, jifa nawa aka yi a kusurwa ba hannu a fuska, da ƙwallo nawa masu hari suka sake tsinta. Idan tsintar ta haura kashi ɗaya cikin uku a shiyya, ba ta kai a fita da ita wasa ba tukuna.