Fiji: manhajar auna hoto da mai binciken jini da mai binciken kankare za su iya rabawa

A jami'ar KNUST da ke Kumasi a Ghana, ɗalibin da ke ƙirga ƙwayoyin jini da takwararsa mai auna tsagar kankare ko tabon ganyen koko ba kasafai suke zama teburi ɗaya ba. Amma damuwarsu ɗaya ce: ga hoto a hannu, lamba ake so. Aikin Fiji ke nan, kuma kyauta ce. Tushenta manhajar ImageJ ce, wadda Wayne Rasband ya fitar a cibiyar NIH ta Amurka a 1997, aka ƙara mata kayan aiki. Tana tafiya a Windows da Mac da Linux, tana kuma buɗe fayilolin maikuroskof na Zeiss da Leica da Nikon ba tare da an sayi manhajar kamfanin ba. A ganinmu, duk matashin mai bincike ya kamata ya sauke ta tun shekararsa ta farko.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne sikeli. Fiji fiksel, wato ɗan ɗigon hoto, kawai ta sani sai ka gaya mata tsawonsa. Ka ɗauki hoton gilashin awo, mai milimita 1 da aka raba gida 100, kowane gida maikuron 10. Ka ja layi a kan gida goma, ka shiga Set Scale ka rubuta 100. Kowane madubin maikuroskof da nasa sikelin: na 10x daban, na 40x daban, na 100x daban. Akwai ɗan akwatin Global a wurin, wanda in ka danna shi zai ɗora sikeli ɗaya a kan duk hotunan da ka buɗe. Da haka, in sikelin 10x ya hau hoton 40x, ƙwayar jini mai faɗin maikuron 7 zuwa 8 ke fitowa a tebur kamar ta kai 30. Masu ɗora waya a bakin maikuroskof su kiyaye, ko kaɗan aka taɓa zuƙowa, sikelin ya tashi daga aiki.

Ƙirga kuwa haka take tafiya: a mai da hoton 8-bit (mara launi), a cire hasken bango da Subtract Background, a saita Threshold don raba ƙwayoyi da bango, sannan a ƙirga da Analyze Particles. Tsakiyar jar ƙwayar jini fara-fara ce, don haka tana fitowa kamar zobe, sai an yi Fill Holes tukuna. Watershed na raba ƙwayoyin da suka manne, amma doguwar ƙwayar sikila yakan yanka ta biyu ya ƙirga biyu. Mai auna tsakuwa ko ƙwayar shinkafa zai ci karo da wannan matsalar sak, kuma nan ne zaman tare ke da riba.

Abin da ya fi burge mu shi ne Record da ke ƙarƙashin Macros. Yana rubuta duk abin da ka danna, layi-layi. Maimakon "zo in nuna maka," sai ka tura wa abokinka na wani sashe layi goma, ya canza lamba biyu ya gwada a hotunansa.

Tana da nata aibin. Tagogi sun yi yawa, komai da Turanci, kuma Undo mataki ɗaya kacal yake komawa. Ba ta ajiye aiki da kanta, ga dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ba ya sallama, don haka a riƙa ajiye teburin sakamako bayan kowane hoto. Laftof mai RAM giga 4 kan sanƙare da manyan tarin hotuna, sai an buɗe su da Virtual Stack, mai ɗauko su ɗaya bayan ɗaya.

Don Allah 'yan uwa, a daina tura hoton bincike ta WhatsApp a matsayin hoto, domin matse shi yake yi ya ɓata fiksel ɗin da za a auna. A ajiye shi TIFF, a tura shi a matsayin fayil, ko a kai a filas tare da hoton gilashin awo na ranar.