Ɗaure yadi a firam ko ɗora shi a kai: wanne ya fi fitar da aikin kwamfuta daidai?

Wani ɗan'uwa a wannan zauren ya ce yana yi wa wuyan kaftani aikin kwamfuta a kan shadda, amma sau da yawa zanen yakan fito a karkace, gefensa kuma ya tattare. Ya tambaya ko ya ci gaba da matse yadin a tsakanin zoben firam guda biyu, ko ya koma ɗaure takardar da ake sawa a ƙarƙashin yadi don ta tallafe shi ita kaɗai, ya ɗora yadin a kanta da gam, kamar yadda yake gani a bidiyo.

Malam, kafin a zaɓi ɗaya sai a tuna aikin da firam yake yi. Allurar keken ba ta zuwa dama ko hagu, firam ne yake yawo a ƙarƙashinta, kuma kekunan kasuwa irin su Tajima da Barudan suna iya kai wa ɗinki 1,000 a minti guda. Kowane ɗinki yana ɗan jan yadin zuwa ciki, saboda haka idan yadin ya goce ko da milimita ɗaya ne, layin da ya kamata ya zagaye zanen zai sauka a wajen da ba nasa ba.

A hanya ta farko, yadi da takarda suna shiga firam tare, zoben waje yana ƙasa, na ciki yana danne su daga sama, don haka an riƙe yadin ta kowane gefe. Babu abin da ya kai wannan riƙon idan zanen mai cika ne, irin na wuyan kaftani da gaban babbar riga. Sai dai yawancin tattarewar da ake kuka da ita daga nan take farawa, domin mutane sun saba jin cewa yadi ya ɗame kamar fatar kalangu, sai su rufe firam, su kama gefen yadin su yi ta ja. Yadin da aka miƙe da ƙarfi yana komawa yadda yake da zarar an cire shi, zaren aikin kuwa ba ya komawa, shi ya sa ake ganin ƙananan tattara sun kewaye zanen, kuma guga ba ta cire su. Abin da ya dace shi ne ka saita kusar firam daidai da kaurin yadin tun kafin ka sa shi, ka shimfiɗa komai a kan tebur mai tauri, ka danna zoben ciki sau ɗaya. Daga nan ka bi saman yadin da yatsa: idan ya taru a gaban yatsan, ya yi sako-sako, sai ka cire ka sake daga farko maimakon ka ja shi.

Illar wannan hanya ita ce tabon zobe. Shadda mai sheƙi irin ta Getzner, wadda ake saƙawa a Austiriya, tana nuna sawun firam, karammiski kuwa gashinsa yakan kwanta ya ƙi tashi. Naɗe zoben ciki da siririn ƙyallen auduga yana rage wannan sosai, yana kuma ƙara wa firam riƙo a kan yadi mai santsi.

A hanya ta biyu takardar ce kawai a cikin firam, yadin yana zaune a kanta da gam na wucin gadi da ake fesawa, irin su 505. Amfaninta a bayyane yake: babu tabon zobe, ba a miƙe yadin ba, kuma tana karɓar abin da firam ba zai iya rufewa a kansa ba, kamar tawul mai kauri, bakin hannun riga, ko kwalar da ta yi ƙanƙanta. Saita tsakiya ma ya fi sauƙi, tunda za ka iya ɗaga yadin ka gyara masa zama. Amma riƙon nata bai wuce ƙarfin gam ba, kuma riga mai nauyi da take lilo a gefen keke tana iya janye yadin a hankali ba tare da ka lura ba. Duk wanda zai bi wannan hanya, lallai ne ya sa keken ya fara zagaye wurin da dogon ɗinki na wucin gadi, wanda za a warware bayan an gama. A fesa gam ɗin a kan takarda, nesa da keken, domin yana daskarewa a jikin allura.

Game da karkacewa, yawanci ba hanyar ɗauri ba ce ke kawo ta, rashin alama ne. Ka ninke gaban rigar biyu daidai da tsayin saƙar, ka ja layin tsaye da na kwance da alli, ka daidaita su da alamomin tsakiya da suke jikin firam, sannan ka sa keken ya zagaya iyakar zanen kafin ya fara ɗinki. Ka kuma ɗauki firam mafi ƙanƙanta da zanen zai shiga, domin babban firam yana barin tsakiyar yadi tana rawa.

Ni a ganina, aikin wuyan kaftani a kan shadda ya fi dacewa da hanya ta farko, da zoben da aka naɗe da ƙyalle, kuma a cire rigar daga firam da zarar keke ya tsaya, kada a bar ta ta kwana a ciki. Idan shaddar mai tsada ce kana tsoron tabo, ka fara gwadawa a kan guntun da ya rage wajen yanka, da irin takardar da zaren da za ka yi aikin da su.